Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar ECOWAS Kan Kayan Ajiyar Cabo Verde da Jirgin Dakar da Muke Ta Jira

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar ECOWAS, da kwamishinonin da ke kula da noma, kasuwanci da sufuri, Abuja.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya yi riƙo da hannayenku a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni Bahaushe ne, ɗan kasuwa, mazaunin Praia, babban birnin Cabo Verde. Rumfata tana kasuwar Sucupira, ina sayar da atamfa, shadda, takalma da ɗan kayan masarufi. Ina magana ne da yawun ƙananan 'yan kasuwa irina da suka zo nan daga Senegal, Gini Bisau, Gini, Gana da Najeriya, da kuma matan ƙasar 'yan sari da muke zaune rumfa da rumfa, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan kasuwa. Abin da ya tayar da maganar shi ne bikin cikar ECOWAS shekara 50 da aka yi a Legas ranar 28 ga Mayu, 2025. Mun ji jawabai masu daɗi kan haɗin kai da zirga-zirgar mutane da kaya. Mu kuwa a nan har yanzu ba mu da jirgin ruwa mai tsayayyen jadawali da ƙaramin ɗan kasuwa zai shiga da hajarsa tsakanin Praia da Dakar, alhali an yi shekaru ana ambaton wannan layi a cikin shirin hanyar Praia zuwa Dakar zuwa Abidjan.

Na san da yawa daga mutanenmu ba su san da zaman ƙasar nan ba sai a Oktoban 2025, da 'yan wasanta suka sami gurbin zuwa Kofin Duniya. Don haka a yi mini haƙuri in ɗan shimfiɗa tabarma. Tsibirai goma ne a cikin Atlantika, tara ke da mutane, ƙidayar 2021 ta nuna ba su kai rabin miliyan ba. Ƙasar noma ba ta wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba, ruwan sama kuma sai ya ga dama. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ake ci daga waje yake zuwa. A Maraɗi in hatsi ya yi ƙaranci, kafin kasuwa ta sake ci motoci sun taso daga Dawanau. A nan abin da ke cikin sito yau shi ne abincin ƙasa har sai jirgi na gaba ya sauke. Ko ruwan da muke sha a Praia daga teku ake tace shi da wutar lantarki, wutar kuma galibinta da man da aka shigo da shi ake samar da ita. Tankin mai in ya yi ƙasa, famfo ma ya ji a jikinsa.

Mutanen ƙasar nan sun san abin da sito maras kaya ke haifarwa, domin kakanninsu sun gani da ido. A yunwar 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948, lokacin mulkin Fotugal, an rasa rayuka wajen dubu 45. Jama'ar da ta haura dubu 180 a 1940 ta dawo kusan dubu 150 a 1950, wasu ƙasa ta rufe su, wasu aka kwashe su zuwa gonakin koko na Sao Tome. Ranar 20 ga Fabrairu, 1949, katangar gidan da ake raba wa mayunwata abinci a Praia ta rufto a kan masu jiran rabo, sama da mutum 200 suka mutu. Fari ne ya kashe amfanin gona, amma abin da ya kashe mutane shi ne rashin ajiya da rashin jirgin da zai kawo hatsi a kan lokaci.

Shi ya sa da aka sami 'yanci a 1975, gwamnati ta riƙe maganar ajiya da hannu biyu. Aka kafa kamfanin gwamnati mai suna EMPA, shi ke shigo da masara, shinkafa, sukari da sauran kayan masarufi, ya ajiye, ya rarraba har tsibiri mafi nisa. Abincin agaji da ƙasashe suka bayar ba a raba shi kyauta ba, sayar da shi aka yi, kuɗin kuma aka riƙa biyan talakawa ladan aikin shimfiɗa hanyoyin dutse, gina madatsun ƙasa a gangaren tsaunuka da dasa itatuwa. Farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya taɓa nan ma, amma ba a sake binne mutane saboda yunwa ba. A ganina wannan darasi ne da yankinmu bai ba shi haƙƙinsa ba.

Daga 1991, bayan zaɓen jam'iyyu da yawa na farko, aka buɗe kasuwa. 'Yan kasuwa masu zaman kansu suka karɓi shigo da kaya, EMPA ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a farkon shekarun 2000. A 1998 aka ɗaure kuɗin ƙasar da na Fotugal, daga baya da yuro, har yau escudo 110.265 ne yuro ɗaya. Ba na kukan wannan sauyi, da shi ne ma irina muka sami wurin kasa kaya. Sai dai a lura da abin da ya faru a ƙarƙashinsa: ajiyar ƙasa ta tashi daga rumbun hukuma ta koma sito-siton 'yan kasuwa. Manyan masu shigo da hatsi 'yan ƙalilan ne, da masana'antar fulawa ta Mindelo, birni na biyu mafi girma a ƙasar, da kamfanonin mai biyu. A bayansu sai dubban ƙananan shaguna, da shagunan 'yan Sin da suka bazu ko'ina, da gangunan kaya da 'yan uwa ke aikowa daga Boston da Lisbon. Kowa da jarinsa yake ajiya, kowa kuma iya ƙarfinsa.

Sannan yawon buɗe ido ya zo ya sake sauya abin da ke cikin sito. Otal-otal na tsibiran Sal da Boa Vista suna buƙatar nama, cuku, lemo da kayan gini, kusan duka daga Turai. A 2019 baƙi sun haura dubu 800, sana'ar kuma ta kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasa. Da korona ta zo a 2020 aka rufe filayen jirage, tattalin arziki ya faɗi da fiye da kashi 14 cikin ɗari. Wani abokina da ke kai wa ƙananan gidajen abinci kaya a Sal ya kira ni a lokacin, ya ce sitonsa cike yake har bakin ƙofa, katan-katan na madara da man girki da lemon kwali, yana tsaye yana duba ranar lalacewarsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya iya ya karyar, saura ya rabar. Kaya sun yi kwantai, jari ya narke. Da kasuwa ta fara farfaɗowa, kuɗin dakon kwantena a duniya ya yi tashin gwauron zabo, kwantenar da ake ɗauka a ƙasa da dala 2,000 kafin annoba ta haura dala 10,000 a Satumban 2021. Wanda ya ƙone a 2020 ba shi da ƙarfin cika sito a wannan farashi. Haka yaƙin Rasha da Yukren ya same mu a Fabrairun 2022, ga fari tun 2017. A Yunin 2022 Firaminista Ulisses Correia e Silva ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki da zamantakewa, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta mutum wajen dubu 46 na cikin matsananciyar buƙatar abinci.

Masana da ke ofisoshinku sun san layin nan da ke cikin lissafin GDP, wato jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, wanda ke nuna bambancin kayan da 'yan kasuwa ke riƙe da su a ƙarshen shekara da waɗanda suka shiga shekarar da su. A babbar ƙasa ɗan ƙaramin layi ne da ba a cika waiwayarsa ba. A ƙaramar ƙasar tsibiri kuwa, jirgin mai guda ɗaya ko na alkama in ya sauke a 30 ga Disamba maimakon 2 ga Janairu, ya isa ya karkata lissafin shekara biyu. Kuma layin fuska biyu gare shi. In ya hau, yana iya zama 'yan kasuwa sun yi tanadi saboda suna hango ciniki, yana kuma iya zama irin halin abokina na Sal. In ya sauka, ko dai ciniki ne ya yi kyau aka kwashe kaya, ko kuwa jirgi ne bai zo ba ana ta cin tsohuwar ajiya. Mai zaune a ofis yana ganin lamba ɗaya, ta haɗa siminti da giyar otal da buhun shinkafa a kuɗi guda, ta kuma iso masa bayan wata da watanni. Mu da ke bakin sito mun san wace fuskar ce tun kafin a buga ta.

To, ga koke-kokenmu.

Na farko, kuma shi ne uwa uba, jirgi. Tsakanin Praia da Dakar kilomita ɗari shida da 'yan kai ne, bai kai nisan Kano zuwa Legas ba, tafiyar kwana ɗaya zuwa biyu a ruwa. Lisbon kuwa wajen kilomita 3,000 take. Duk da haka fiye da kashi 40 cikin ɗari na kayan da ƙasar nan ke shigowa da su daga Fotugal suke zuwa, abin da take saye daga duk ƙasashen ECOWAS kuwa ɗan ƙyas ne. Tarihi da harshe suna da hannu a ciki, ban musa ba. Amma babban dalili shi ne jiragen Turai suna da ranar tashi da ranar isowa, na yankinmu babu. Na taɓa yin sarin shadda da leshi a kasuwar HLM ta Dakar da nufin cinikin babbar Salla. Wakilin dako ya karɓi kuɗina, ya ba ni takarda, daga baya na ji ashe kwantenar arewa ta nufa, sai da ta sauka a Las Palmas da ke tsibiran Canary na Sifen ta jira wani jirgin. Kayan sun iso ana ta suyar nama an gama ɗinki. Matan Sucupira kan gwammace su hau jirgin sama su dawo da jakunkuna, su biya kuɗin nauyi mai tsada, su ɗora a kan mai saye. Atamfa tana jure wannan, albasa da wake da siminti ba sa jurewa.

Ku duba yadda wannan ke shiga sito kai tsaye. Ɗan kasuwar da ya san jirgi na zuwa duk mako, kayan mako biyu sun ishe shi, jarinsa yana juyawa. Wanda bai san ranar zuwan jirgi ba dole ya tara kayan wata biyu ko uku, ya biya hayar sito, ya yi fama da ƙwari da zafi da gishirin iskar teku da ke cin gwangwani, kuɗinsa kuma yana kwance. Mai ƙarfi ya tara ya ƙara farashi, maras ƙarfi ya zauna da kanta wayam. Ko ta wane gefe, talakan da ke sayen rabin kilo ne ke biya. Abin takaici kuma, abincin da ƙasar nan ke taƙama da shi, kachupa, masara ce da wake. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a noman wake a duniya. Na san mu ma a gida ba kullum muke da rarar masara ba, kuma akwai shekarun da ake rufe ƙofar fitar da hatsi. Amma a shekarar albarka, wane dalili zai sa hatsi ya ƙetaro teku daga Kudancin Amurka ya riga na Dawanau isowa Praia?

Na biyu, rumbun yanki. A Fabrairun 2013 shugabannin ECOWAS suka kafa rumbun ajiyar abinci na yanki a taron Yamoussoukro, hukumar noma da abinci ta ƙungiyar da ke Lome take kula da shi, Tarayyar Turai kuma ta sa yuro miliyan 56 a farkon tafiyar. Tsarin mai kyau ne: ajiyar gari, sai ta ƙasa, sai ta yanki. Ya kuma yi rana a arewa maso gabashin Najeriya da ƙasashen Sahel. Sai dai an tsara shi ne da tunanin tirela. Hatsin yana kwance a rumbunan babban yanki, a Najeriya da Gana da ƙasashen Sahel, ga shi kuma Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairu, 2025. Buhun da ke can cikin ƙasa kafin ya zama tuwo a tsibirin Fogo sai ya hau mota, ya jira a tashar ruwa, ya hau jirgi, ya sauka a Praia, ya sake hawa wani jirgin. Ranar da ake buƙatarsa ba ranar da za a fara neman jirgin haya ba ce.

Na uku, a takarda Cabo Verde ƙasa ɗaya ce, a sito kuwa kasuwa tara ce. Ana iya cewa ƙasa tana da shinkafar wata uku, kuma gaskiya ne, amma tana Praia da Mindelo. Tsibirin Brava ba shi da filin jirgin sama mai aiki tun 2004, Santo Antão ma ta ruwa kaɗai ake shigarsa. In teku ta yi fushi ko jirgin fito ya lalace, nan da nan za ka ji ana neman tukunyar gas da fulawa a Nova Sintra, babban garin Brava, manomin Santo Antão kuma yana kallon kayan lambunsa suna ruɓewa a bakin tasha. Mun ga dutsen Fogo ya yi aman wuta a Nuwamban 2014 ya cinye ƙauyukan Portela da Bangaeira, mun ga jirgin Vicente ya nutse kusa da Fogo a Janairun 2015 da mutane da kaya, mun ga ambaliyar Agustan 2025 ta shiga shaguna da sito-sito a Mindelo. Duk lissafin da bai rarrabe tsibiri da tsibiri ba, zai nuna lafiya lau a ranar da wani gari ke layin burodi.

Na huɗu gajere ne. Tunda ajiyar ƙasa ta koma hannun 'yan kasuwa, su ne ke ɗauke da kuɗin ruwan bashinta da asararta. Banki ba ya karɓar buhunan da ke sito a matsayin jingina daga irinmu, balle baƙo mai takardar zama.

Ranku ya daɗe, Cabo Verde ba baƙuwarku ba ce. Ta shiga ƙungiyar nan jim kaɗan bayan samun 'yancinta, cibiyarku ta makamashi mai sabuntawa ma a Praia take. Yarjejeniyar 1979 ta zirga-zirga ce ta ba mu damar shigowa nan ba tare da biza ba, muna kuma godiya. Abin da muke roƙo shi ne hajarmu ma ta sami irin wannan hanya.

Muna roƙon ku fito fili ku faɗi ranar da jirgin Praia zuwa Dakar zai fara aiki, da wanda zai tafiyar da shi, da jadawalinsa. Ya kasance mai ɗaukar fasinja da mota da kwantena mai sanyi, kuma a ware wuri ga mai buhu ashirin, kada a ce sai mai cikakkiyar kwantena. Kowa ya san shekarun farko ba zai ci riba ba, domin kaya ba sa taruwa sai an ga jirgi yana zuwa yana dawowa. A sa masa tallafi na ƙayyadaddun shekaru daga harajin ƙungiya da bankin raya ƙasashen ECOWAS da ke Lome, a kuma bayyana adadin ga jama'a. In aka fara aka tsaya bayan wata shida, gara ba a fara ba, don ba wanda zai sake yarda ya rage ajiyarsa saboda alkawarin jirgi.

Muna roƙon a kawo wani kaso na rumbun yanki a ajiye shi a cikin tsibiran nan, rabi a Praia saboda tsibiran kudu, rabi a Mindelo saboda na arewa. A zaɓi abin da mutanen nan ke ci, shinkafa da masara da wake. A riƙa sayar da tsohon ana zuba sabo kafin ya lalace, ta hannun 'yan kasuwar gida kuma a farashin kasuwa, don kada taimako ya karya mai shago.

Muna roƙon masananku su haɗa kai da hukumar ƙididdiga ta ƙasar da ofishin kula da wadatar abinci, a riƙa fitar da bayani duk wata a kan shinkafa, masara, alkama, sukari, man girki, gas da man fetur: tan nawa ke ƙasa, kwana nawa zai kai, a wane tsibiri yake, jirgi na gaba kuma yaushe. A sa shi inda mai rumfa zai gani a wayarsa. Babban mai shigo da kaya ya riga ya san wannan, ƙaramin ne ke saye a makance.

Muna roƙon a samar da tsarin da ɗan kasuwa zai ajiye kaya a amintaccen sito, a ba shi rasit, banki ya karɓi rasit ɗin ya ba shi bashi mai sauƙi. Sannan a sauƙaƙa takardar shaidar asalin kaya ta tsarin cinikin ECOWAS, a samar da ita da harshen Fotugal da Faransanci da Turanci a teburi ɗaya a tashar Dakar da ta Praia, don albasar Senegal da waken Kano su shigo da rangwamen da yarjejeniya ta ba su.

In wata tawagarku ta zo Praia taro, muna gayyatarta ta sauko daga Plateau, unguwar ofisoshin gwamnati, zuwa Sucupira, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Za mu buɗe mata sito-sitonmu da littattafan sarinmu ta duba.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ku gama lafiya.

Naku,
Wani ɗan kasuwa a Sucupira, Praia, a madadin abokan sana'arsa.